Man furosesa: nawa ake sawa, yaya ake shafawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗina ta shekara 4, yanzu fankarta sai ƙugi take, ƙasanta zafi kamar dutsen guga, wani lokacin ta mutu da kanta. An ce in canza man furosesa. Idan na lafta shi da yawa ba zai fi sanyaya ta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a malam, yawan man ba ya ƙara sanyi. Shi man ba ya sanyaya komai da kansa. Fuskar furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ta jan ƙarfen da ke zuƙe zafinta suna da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ciki, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi sosai. Aikin man cike ramukan nan ne kawai. Jan ƙarfe ya fi shi kai zafi nesa ba kusa ba, don haka in ya yi kauri sai ya zama katanga tsakanin ƙarafan biyu.

Kafin ka taɓa man, duba fanka da ramukan fitar iska. Ƙurar hunturu kan dunƙule a nan kamar auduga, sau da yawa ita ce ciwon.

Kashe na'urar, zare caja, buɗe bayanta, cire igiyar batir daga bod, wato babban allon da sassan kwamfutar ke manne a kai. Kwance sukurorin ƙarfen, galibi an rubuta musu 1 zuwa 4. Goge tsohon man a fuskokin biyu da tsumma marar gashi da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, ka bari ya bushe. Kada ka kankare da reza ko sukudireba: furosesar laftof ba ta da murfi, wannan ɗan gilashin mai sheƙi ita ce kanta, in ta tsage shi ke nan.

Ɗiga sabon man a kan furosesar kamar ƙwayar shinkafa, ka baje shi siriri da gefen katin roba har ya rufe fuskar duka. A kwamfutar tebur mai murfin ƙarfe, ɗigo ɗaya kamar ƙaramin ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsi zai baje shi. Ɗora ƙarfen sau ɗaya. In ka ɗaga, goge ka sake. Ɗaure sukurori kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, don kada man ya tsere gefe guda.

Man furosesa irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun wadatar, ba sa ɗaukar lantarki. Ka guji mai ruwan ƙarfe na galiyam: yana cin alminiyam, ɗigonsa a kan bod zai haɗa wuta. Man goge baki kuma, da wasu ke sawa, bushewa yake yi cikin kwanaki. Waɗancan faifan roba masu laushi da ke kan wasu sassan, bar su yadda suke, mai ba ya maye gurbinsu.

Bayan ka haɗa, duba zafin da manhajar HWMonitor. In har yanzu tana kai digiri 95 da ƙaramin aiki, ko dai ƙarfen bai zauna daidai ba, ko bututun jan ƙarfen da ke kai zafi wajen fanka ya mutu, sai an canza shi.