Kambun gansakuka a Hamburg: kasuwa ce ta 'yan kwanaki

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Hamburg ta rubuto tana cewa: "Maƙwabciyata ta koya mini ɗaura kambun gansakuka da ganyen bishiyar Kirsimeti, irin wanda Jamusawa ke ajiyewa kan teburi. Bara na yi guda uku, abokan aikin maigidana suka yaba. Ina da Yuro 300 a hannu, kuma ga gansakuka birjik a dajin bayan gidanmu. In mayar da shi sana'a?"

'Yar'uwa, za ki iya, kuma garin da kike ma shi ne tushen abin. A Hamburg ɗin nan Johann Hinrich Wichern ya fara yin sa a 1839, a gidan yara na Rauhes Haus, inda ya jera kyandirori a kan wani babban zoben katako don yaran su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti. Yau wannan kambun mai kyandir huɗu, da Jamusawa ke kira Adventskranz, ya shiga gidaje da ofisoshi ko'ina a Jamus.

Sai dai ki cire dajin nan daga lissafinki tun yanzu. Dokar kare muhalli ta Jamus ta yarda mutum ya tsinki ɗan abin da bai wuce cikin hannu ba don amfanin kansa, amma tsinka don sayarwa sai da izinin hukuma da yardar mai dajin. Wasu nau'ukan ma, irin su Torfmoos da Weißmoos, an ba su kariya ta musamman, kuma ido bai cika bambanta su ba. Tarar hukuma guda ɗaya na iya cinye ribar shekarar. Ki sayi gansakukarki wurin dillalan furanni, ki adana rasit.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lokaci. Lahadin farko ta Advent, wato ta farko cikin Lahadi huɗun da ke gabanin Kirsimeti, tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma kowa na son nasa ya hau teburi kafin wannan rana. Da ta wuce, ciniki ya yi sanyi, kayan da suka rage kuma ba sa jiran badi: ganyen ya zube, gansakukar ta koɗe. Saboda haka kada ki ɗaura ko ɗaya sai da mai shi. Tun a Oktoba ki yi samfuri biyu, ki ɗauki hotonsu kusa da taga da hasken rana, ki tura wa waɗancan abokan aikin maigidanki da maƙwabta ta WhatsApp, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara ɗaurawa. Rumfa a kasuwar Kirsimeti kuwa ki bar ta tukuna, Yuro 300 ba za su ɗauki nauyinta ba.

Wajen sa farashi, mu ce zoben bambaro da koriyar wayar ɗauri da gansakuka da kyandirori da mazauninsu sun ci Yuro 14. Mata da yawa a nan suke tsayawa, su ɗora biyar su ce sun ci riba. Ina awa ɗaya da rabin da kika yi kina danna gansakuka mai laima a jikin zoben, kina zagaya waya har yatsunki suka yi kanta? Ki sa wa wannan lokacin kuɗi, ki haɗa da na mota da kwali. In abin da ya fito ya fi na manyan kantuna, kada ki tsorata. Mai neman araha can zai je. Naki na wanda ke son a sa masa busasshen lemo da itacen kirfa a kalar da ya zaɓa ne.

Kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki duba katin zamanki ko ya ba ki damar yin sana'ar kanki, sannan ki yi rajista a Gewerbeamt, wato ofishin rajistar sana'o'i. Tsarin ƙananan 'yan kasuwa, Kleinunternehmer, ya ɗauke miki harajin VAT muddin cinikinki na shekarar da ta gabata bai wuce Yuro 25,000 ba, kamar yadda yake tun 2025.

Kuma ki sa ƙaramar takarda a kowane kwali: a riƙa fesa masa ruwa, a nisanta shi da na'urar ɗumama ɗaki, kada a bar kyandir a kunne ba kowa. Kambun da ya yi mako uku a ɗaki mai ɗumi ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa. Ki yi amfani da mazaunin kyandir na ƙarfe mai faɗi, ko da zai ƙara miki Yuro ɗaya ko biyu a kan kowanne.