Amsoshin Tambayoyinku: Wulaƙanci A Gidajen Abinci Na Zamani

Tambaya: Na kai yarana wani gidan abinci na zamani a Kaduna. Mun daɗe a layi, da muka iso gaban kanta yarinyar tana ta danna waya. Sai da na yi magana sau biyu ta ɗago, ta ja tsaki. Na biya kuɗin cinyar kaza ta sa mini fiffike. Raina ya ɓaci, na yi mata tatas a gaban mutane. Maigidana ya ce na zubar da girmana. Shin na yi laifi?

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya a ɓacin ranki, amma kin sauke shi a kan wadda ba ta da ikon gyara komai. Yarinyar da ke bayan kanta ba ita ta ajiye ma'aikata biyu a wurin da ke buƙatar biyar ba, kuma sau da yawa ko canza miki faranti ba za ta iya ba sai da izini, domin abin da ya salwanta a albashinta ake cirewa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, dokar ma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Wannan ba uzurin tsaki ba ne. Mai tuwo a bakin tasha ta fi ta shan wahala, amma da fara'a take tarbar mutum har ta yi masa gyara, don ta san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma jarin nata ne. Bambancin ke nan: ita ma'aikaciyar ko kin dawo ko ba ki dawo ba, albashinta ɗaya ne.

Don haka idan an sake, kada ki tsaya cacar baki. Ki ce, "Don Allah kira mini manaja." Idan ya zo, ki nuna masa rasit da abin da ke cikin farantin, ki faɗi abin da kike so a taƙaice: a canza, ko a mayar miki da kuɗinki. Batun tsakin ki kawo shi daga baya, cikin sanyin murya. Manaja ya fi shakkar mai magana a natse da rasit a hannu, domin ita ce za ta iya kai ƙara sama. Mai ihu kuwa, a ba ta haƙuri ta tafi, a yi mata dariya bayan ta fita. Irin waɗannan gidaje masu rassa, tun daga Mr Bigg's da kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986 har zuwa su Chicken Republic, suna da hedikwata da ke sa ido a kan rassa, kuma manajan reshe ba ya son sunansa ya isa can. Idan shi ma ya yi miki kunnen uwar shegu, ki kama hanyarki, kada ki sake kai musu kuɗinki. Shi kuma maigida, a gaya masa wata rana ya shiga layin da kansa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kano. Na sa kati a POS, banki ya cire kuɗina, su kuma suka ce bai shigo ba, suka hana ni abincin. Wata rana kuma farashin da ke allo daban, wanda aka caje ni daban.

Amsa: Ɗan'uwa, matsaloli biyu ne, masu laifin ma biyu. Idan na'urar ta fitar da takardar da ke nuna cinikin bai yi ba, gidan abincin bai karɓi kuɗinka ba, suna maƙale tsakanin bankuna. Karɓi wannan takardar, ko ka ɗauki hotonta, ka kai wa bankinka. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna wa'adin awa 72 su warware irin wannan ciniki na POS. Idan bankin ya yi ta ja maka rai, Babban Bankin yana da sashen kare masu ajiya da ke karɓar koke.

Batun farashi kuwa laifinsu ne tsantsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta hana a karɓi fiye da farashin da aka kafa wa kaya. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe kantin Sahad na Abuja na ɗan lokaci saboda farashin kan kanta ya saɓa da na wurin biya. Sai dai ka duba rasit da kyau kafin ka tada jijiyar wuya, wataƙila harajin VAT na kashi 7.5 ne aka ɗora, ko kuɗin robar zuba abinci. Ka tambaya tun kafin ka miƙa kati. Ku a Kano ma kuna da hukumar kare masu saye ta jiha.

Tambaya: Na sayi soyayyiyar shinkafa, sai da na isa gida na ji ta yi tsami. Na koma suka ce abin da ya fita ba ya dawowa.

Amsa: Wannan magana tasu ba ta da gurbi a doka idan abin da aka sayar lalatacce ne, amma kafa hujja bayan an bar wurin yana da wuya. Buɗe robar a gabansu, ka shinshina, ka taɓa ka ji ko da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, wanda ake jiran masu saye kuma a riƙe shi da zafin da ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius. Shinkafa ta fi haɗari a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta, ko an ɗumama gubar ba ta mutuwa. Kada a ba yara da sunan kar a yi asara. Idan wani ya ci ya kama amai da gudawa, a kai shi asibiti, a ajiye takardun, a sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma, su ne masu ikon shiga kicin ɗin.

Tambaya: Ya dace in ɗauki bidiyo in sa a Facebook?

Amsa: Wani lokaci yana aiki. A Maris 2024 hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, FAAN, ta rufe reshen gidan abincin KFC na filin jirgin saman Murtala Muhammed a Legas, bayan wani fasinja mai keken guragu ya bayyana a intanet yadda aka hana shi zama a ciki. Amma ka fara da manaja tukuna. In ta kai ga wallafawa, ka nuna abincin da rasit, ka faɗi rana da reshe, ka tsaya a kan abin da ka gani da idonka, domin ƙari a kai zai iya ja maka shari'ar ɓata suna. Fuskar ma'aikaciyar kuma ka bar ta, ita za a kora gobe da safe, mai wurin ya ɗauki wata a kan albashin nan dai.