Tambaya da Amsa: Kwana biyu zai isa a zaga kufan Luksor?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Azhar, amma ban taɓa leƙa kudancin Masar ba. Ni da abokan karatuna muna son zuwa Luksor a hutun tsakiyar shekara, sai dai kwana biyu kacal gare mu. Zai ishe mu? Kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai ishe ku, muddin kun cire ran ganin komai. Kun kuma dace da lokaci, domin hutun naku a sanyi yake faɗowa. Da bazara zafin garin kan haura digiri 40. Jirgin ƙasa na dare daga Alƙahira kan ɗauki wajen awa 10. Kogin Nilu ya raba garin biyu, to ku ma ku raba kwanakin haka: rana ɗaya gabas, rana ɗaya yamma.

A gabas, ku fara da Karnak da sassafe, kafin hantsi ya kawo motocin baƙi daga Hurgada, garin shaƙatawa na bakin Bahar Maliya. Wurin bauta ne da sarakuna suka yi ta yi wa ƙari kusan shekara 2,000, shi ya sa girmansa ke rikita baƙo. Kada ku tsaya ɗaukar hoto a bakin ƙofa, ku wuce kai tsaye zuwa zauren ginshiƙai. Guda 134 ne, 12 na tsakiya kowanne ya kai mita 21, kuma Fir'auna Seti na Ɗaya da ɗansa Ramsis na Biyu ne suka ƙawata su da sassaƙa. Ku ɗaga kai ku duba ƙasan duwatsun da aka gicciya a sama, inda rana ba ta taɓawa. Har yanzu akwai sauran fenti a wurin.

Bayan la'asar sai ɗakin bautar Luksor da ke tsakiyar gari, wanda hanya mai tsawon kilomita 2.7, jere da gumaka, ta haɗa shi da Karnak. A ƙofarsa za ku ga doguwar hasumiyar dutse guda ɗaya tilo. 'Yar'uwarta tana tsaye a birnin Faris tun 1836, kyautar Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ga Faransa. Amma abin da na fi so ku lura da shi shi ne masallacin Shehu Abul Hajjaj, malamin da ya rasu a ƙarni na 13. An gina masallacin ne lokacin da ƙasa ta binne yawancin ginin Fir'aunoni, har mutane suka kafa gidaje a kai. Da aka tone wurin, sai tsohuwar ƙofar masallacin ta zama a can sama, ba matakala ƙarƙashinta. Ana salla a cikinsa har yau, ta ɓangaren gari ake shiga. Ku yi magariba a can, sannan ku kalli ginshiƙan bayan an kunna fitilu.

Washegari ku hau jirgin fito na jama'a zuwa gaɓar yamma, ya fi araha nesa ba kusa ba. A Kwarin Sarakuna, inda aka binne Fir'aunoni, tikiti ɗaya kaburbura uku yake shigar da mutum. Na Tutankamun, wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a 1922, kuɗinsa daban ne, kuma sunansa ya fi shi girma, tunda kayan cikinsa suna gidan tarihi. In kuɗin ƙari ɗaya gare ku, ku kashe a kabarin Ramsis na Shida saboda zanen rufinsa. Ginin sarauniya Hatshefsut da ke jikin dutse awa guda ya ishe shi. Sauran yinin ku ba Madinat Habu, ginin Ramsis na Uku, wanda masu gaggawa ke tsallakewa alhali kalolin bangonsa na cikin waɗanda suka fi saura.

Ku tafi da katin makaranta don neman rangwamen ɗalibai, ku kuma gama ciniki da mai keken doki kafin ku hau. Sai roƙona guda: ko mai gadi ya ce ba komai, kada ku shafa bangon. Fentin ya haura shekara 3,000, kuma maiƙon hannu na dusashe shi.