Ɗana, karaban ɗin da ka gani a bidiyo ba zai zaunu maka ba

Ɗana, na saurari saƙonninka na murya, duka ukun. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a arewacin Ingila, babanka zai sayar da fili ya biya kuɗin makaranta, abin da ya tsaya maka a wuya kuɗin haya ne. Sai ka ga bidiyon da na tura wa mahaifiyarka na karaban ɗina, wato ɗakin tafi-da-gidanka da mota ke ja, muna hutu a bakin teku kusa da Whitby, ka ce me zai hana ka zauna a ciki shekara guda, tunda "a ajiye yake kawai". Kai ne na huɗu da ya tambaye ni wannan tun da bidiyon ya zaga dangi, don haka zan amsa a nan inda kowa zai gani.

Ba zai yiwu ba. Kuma ba zan bar ka da wannan kaɗai ba, don na san abin da za a ce a gida: Kawu ya samu wuri ya manta da nasa.

Abin da ka gani gaskiya ne, ban ƙara masa gishiri ba. Karaban ɗin babba ne, mai taya huɗu, biyu a kowane gefe. Dokar ƙasar nan ba ta yarda motar gida ta ja abin da jikinsa ya wuce mita 7 a tsawo ko mita 2.55 a faɗi ba, nawa kuwa bai yi nisa da wannan iyaka ba. Idan ka shiga, falo yana gaba: dogayen kujeru biyu suna fuskantar juna, ga babbar taga da ta hau har saman rufi, haske na zubowa tun asuba a lokacin bazara. Da dare sai a jawo katakai daga ƙarƙashin durowar tsakiya, a jera kushin a kai, falon ya koma gadon mutum biyu. A tsakiya kicin yake, da murhun gas, da obin, da wurin wanke-wanke, firij mai tsayi yana ɗaya gefen. Sai ɗakin kwana, gadon a tsakiya yake, ana zagayawa ta gefe biyu ba sai wani ya tsallake wani ba, kuma da rana ana tura shi ya gajarce don hanya ta buɗe. Can ƙarshe banɗaki ne da shawa mai ƙofarta daban. Ni mai tsayi ne, amma ina miƙewa tsaye kaina bai taɓa rufi ba.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin dare kafin na iya sayensa, kuma na hannu na saya, don sabon irinsa ya haura fam 30,000. Ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa. Ranar da na fara jan sa zuwa gida, a gefen hanya na tsaya na yi wa Allah godiya, domin ni na san daga inda na taso. Zan zo kan wannan.

Ka ce ka ga loka ko'ina, kayanka za su shige har a samu rara. Loka kam akwai: jere a sama ta kowane ɓangare, wadirob biyu a gefen gado, ƙarƙashin gadon kansa rami ne babba, ƙarƙashin kujerun falo ma haka, ga akwatin gaba a waje inda tukwanen gas suke zama. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Karaban ba wuri yake ƙirgawa ba, nauyi yake ƙirgawa. A jikin ƙofa akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma abin da aka bar mini na kaya duka-duka bai wuce kilo 160 ba. A cikin wannan lissafin za ka cire nauyin batir, ka cire injin da ke murza tayoyi idan ana gyara masa tsayuwa, ka cire rumfar da ake kafawa a gefe. Kafin ka sa cokali ɗaya, rabi ya kusa tafiya. Kai kuma za ka sauka da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, ban da jakar da mahaifiyarka za ta cusa maka kuka da daddawa da yaji da kilishi. Lokokin sama na tufafi marasa nauyi ne, katakonsu siriri ne don kada ɗakin ya yi nauyi. Duk abu mai nauyi a ƙasa ake sa shi, daidai kan tayoyi. Ka loda baya da yawa, a kan babbar hanya ɗakin zai fara kaɗa wutsiya har ya kifar da motar da ke jan sa. Buhun shinkafa mai kilo 20 a gidana ba komai ba ne, a karaban sai na yi lissafi.

Wadirob ɗin ma gajere ne. Babbar riga ba ta rataye a ciki sai an naɗe.

Sai ruwa, kuma nan ne mu Musulmi muka fi Bature shan wahala. Famfon da ka ga yana zuba ba daga bututun gari yake ba. A waje akwai ganga mai lita 40 da ake gangarawa zuwa famfon sansani, wato filin da masu hutu ke tsayar da karaban, a cika, a dawo da ita, ƙaramin injin ya riƙa zuƙowa. Ruwan da aka yi amfani da shi kuma wata gangar yake tarewa, kai za ka ja ta ka zubar. Ka ƙirga alwala biyar, da wanka, da girki, da wanke-wanke. Mu huɗu muna cika ta sau biyu, wani lokaci sau uku a yini. Tankin ruwan zafi bai fi lita 10 ba, don haka wanka a gurguje ne, ka jiƙa, ka kashe, ka sa sabulu, ka ɗauraye. Masai kuwa akwati ne a ƙarƙashin wurin zama, bai kai lita 20 ba, ana zuba masa magani, idan ya cika sai ka buɗe ƙaramar ƙofa ta waje, ka zaro shi, ka kai ramin da aka tanada ka juye da hannunka. Waɗanda suka ƙera shi masu takarda suka yi wa lissafi, ba masu buta ba. Da buta, kwana biyu ya cika. A hutun mako guda cikin watan Agusta wannan ba ya damuna. Ka ɗauko shi ka sa a watan Janairu, ƙarfe shida na safe, duhu ƙirin, ruwan sama na dukan fuskarka, kana da lacca ƙarfe tara.

Salla ina yin ta a 'yar hanyar da ke tsakanin kicin da firij, mutum ɗaya ne yake samun wuri, kuma alƙibla daga nan kudu maso gabas take, ba kullum take dacewa da yadda aka tsayar da ɗakin ba. Jam'i sai a rumfa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ko mahaifiyarka ba ta sani ba. Na taɓa zama a karaban, zaman dole, wata biyar, a lokacin sanyin 2010. Watan Disambar wannan shekara shi ne Disamba mafi sanyi da aka gani a Birtaniya cikin shekara ɗari. Wani mutumin ƙasarmu ne, wanda nake kira Yaya, ya ba ni hayar wani tsohon karaban a bayan wani wurin ajiye motoci, yana karɓar kuɗi duk Juma'a, ya ce ai taimakona yake yi. Tukunyar gas da ya ba ni shuɗiya ce, wato butan. Ban san cewa butan ba ya tashi idan sanyi ya kai ma'aunin daskarewar ruwa ba, sai jar tukunya mai furofen ce take aiki a irin wannan lokaci. Shi ya sani. Daren da aka fi tsananin sanyi, daren ne murhu da hita suka mutu tare. Na kwana da riguna huɗu da hula da safa biyu, numfashina yana daskarewa a jikin taga ta ciki. Da safe ruwan buta ya zama ƙanƙara, taimama na yi.

Sanyin ma da sauƙi a kan laima. Jikin karaban siriri ne, numfashin mutum da tururin girki ba su da wurin zuwa, sai su kwanta a bango da taga su riƙa ɗiga. Tuwo ɗaya idan ka tuƙa, tagogi duka sun yi gumi. Na ɗaga katifa wata rana na ga ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna. Shadda uku da na zo da su, har da wadda marigayi mahaifinmu ya ɗinka mini ta tafiya, duk fumfuna ta ci su a cikin wadirob. Wannan shaddar har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Tari ya kama ni bai sake ni ba sai da bazara ta shigo. Akwai daren da na toshe ramukan iska na ƙasa da tsumma, na kunna murhu don ɗumi, na farka kaina kamar zai tsage, ina jiri. Wani maƙwabci ɗan ƙasar Folan ne ya gaya mini hayaƙin da ba shi da wari ne, mai kashe mutum cikin barci, kuma ramukan nan don shi aka yi su. Da kwana ya ƙare, da gawata za a aika wa kakarka.

Za ka ce nawa na yanzu ba irin wancan ba ne. Haka ne. Wannan yana da hitar Alde, ruwa mai zafi ne yake zagaya bututu a bayan kujeru da gefen gado, ɗumi yana tashi a hankali kamar na gida, tagoginsa ninki biyu ne, akwai ƙararrawar hayaƙi. Amma ɗumin nan da wuta yake tafiya ko da gas, duka biyun kuɗi ne. Turken wutar da ake jonawa a sansani galibi amfiya 16 yake bayarwa, wasu 10. Hita na ci, ka kunna butar lantarki irin ta gida a kai, wuta ta ɗauke, sai ka fita cikin sanyi ka mayar. Duk shekara ina kai shi a duba gas da birki, a auna laimar bango da na'ura, idan ta haura kashi 20 cikin ɗari hankalin mai shi ya tashi, don gyaran ruɓaɓɓen bango yana iya cinye darajar ɗakin. Mutum ɗaya da zai yi girki da shanya da barci a ciki hunturu guda zai lalata mini abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina nema. Na faɗa maka a fili.

Ko na ce na yafe wannan, a ina za ka tsayar da shi? Ba a ajiye karaban a zauna a ciki duk inda aka ga fili, tun 1960 akwai dokar da ta ce sai wuri mai lasisi. Sansanonin ƙungiyar da nake ciki, Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa tun 1907, kwana 21 suke ba ka a jere, sai ka tashi. Ƙananan wuraren da manoma ke buɗewa, masu ɗaukar karaban biyar kacal, kwana 28. Da yawa suna rufewa da sanyi, kuma wuraren hutu masu ba da filin kaka guda sukan nemi shaidar cewa kana da gidanka na ainihi a wani wuri. Kusan dukkansu a ƙauye suke, nesa da jami'a, bas ɗin ƙarshe yana wucewa da wuri. Ɗakin da kayansa ya kusa kilo 1,800, sai babbar mota ke jan sa, kai ko keke ba ka da shi tukuna. Banki zai nemi adireshi, jami'a za ta nema, mai ɗaukar ka aiki zai nema. Nawa a filin ajiya yake kwana daga Nuwamba zuwa Maris, a kulle, an zubar da ruwan bututunsa don kada ƙanƙara ta fasa su, ina biyan kuɗin filin da inshora, kuma masu filin ba su yarda kowa ya kwana a ciki ba.

Kuma dabarar ba za ta rage maka komai a wajen biza ba. Dole ka nuna kuɗin zama na wata 9, sama da fam 1,000 kowane wata idan a wajen Landan ne, su kwanta a asusu kwana 28 a jere, ban da kuɗin lafiya fam 776 na shekara. Ba ruwansu da cewa kawunka yana da karaban. Aiki kuma awa 20 a mako aka yarda maka lokacin karatu. Idan lissafinku bai ɗauki kuɗin ɗaki ba, to lissafin bai cika ba, ka gaya wa babanka haka tun bai sa hannu a takardar filin nan ba. Filin ba zai dawo ba.

Wancan abokin naka da wani ejan ya ce zai kai shi aikin gona "da masauki kyauta", ka faɗa masa bizar aikin gona ta wata 6 ce, masaukin galibi karaban ne da ake cusa mutum huɗu ko fiye, kuma daga albashi ake cire kuɗinsa. Kada ya ba kowa ko kwabo.

Abin da zan iya yi maka shi ne wannan. Akwai ƙaramin ɗaki a gidana, zan ɗauko ka a filin jirgin Manchester, ka zauna mako uku ko huɗu har ka samu ɗaki a gidan haɗaka kusa da makaranta, ni zan bi ka mu duba, in taɓa bangon da hannuna. Kuɗin ajiya na farko zan ranta maka, ka biya a hankali. Ka turo mini takardar gurbin da lissafin abin da ke hannunku, a rubuce, ba da murya ba. Idan Allah Ya kawo ka lafiya, kuma ka gama jarrabawa, da bazara za mu ja karaban ɗin mu tafi Lake District, yankin tafkuna na arewacin Ingila, tare da yara. Gadon falo naka ne, gangar ruwa ma kai za ka riƙa cikawa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan masallaci.