Tambaya da Amsa: Aboki, amini da mai cin amana a zaɓen ɗalibai

Yawancin tambayoyin wannan mako daga makarantu suka zo. Da alama kakar zaɓen ƙungiyoyin ɗalibai ta kama.

Wani ɗalibi daga Gwallameji, Bauchi, ya ce: "Malam, ni da abokina ɗaki ɗaya muke kwana tun shekarar farko. Na fito takarar shugaban ɗaliban sashenmu, sai ga shi shi ma ya sayi fom. Yarana suna cewa ya ci amanata. Haka ne a Hausa?"

Ɗana, ba haka ba ne, kuma ka ja wa yaran naka kunne su rage sakin baki. Amana daga Larabci muka aro ta, kuma abin da aka ba ka ajiya ne: kuɗi, ko magana, ko asiri, ko maraya. Kafin a ci amana sai an fara ba da ita. To kujerar nan, yaushe ta zama taka har ka ba shi ajiyarta? In da kun zauna ya ce ba zai fito ba sannan ya fito, wannan saɓa alkawari ne, shi ma da nasa sunan. In kuwa ya kwashe abin da ka gaya masa da daddare bayan an ɗauke wuta, cewa akwai darasin da ka faɗi ko kuɗin makarantarka bashi aka ciwo, ya watsa a zauren WhatsApp na ajinku, to nan ne za a ce ya ci amana, kuma ba zan tare masa ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda 'yan siyasa suka tsinka wannan magana, yara kuma suka ɗauka. Wanda ya sauya sheƙa ya ci amana, wanda ya nemi kujerar maigidansa ya ci amana, wanda bai gaishe ka a wurin ɗaurin aure ba shi ma ya ci amana. Ran da aka ci ta gaske, me za a ce?

Ku duba kalmar aboki ma. Bahaushe yana da abokin tafiya, abokin ciniki, abokin aiki, abokin wasa irin na Bafillace da Babarbare. Mace tana sakaya sunan kishiyarta ta ce abokiyar zama. Sai abokin karawa, abokin hamayya, har abokin gaba. Ashe aboki shi ne wanda wani abu ya haɗa ku kuna yi tare, mai daɗi ne ko mai ɗaci. Takara ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, don haka ranar da ya sayi fom ɗin nan wata abotar ya ƙara a kan ta da.

Kai da ke Bauchi ma bai kamata a yi maka dogon bayani ba. A shekarun 1940 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano a makarantar Midil ɗaya suka koyar a garin nan, kuma su da Malam Sa'adu Zungur sun zauna a zauren muhawara ɗaya. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 aka raba hanya: Malam Aminu ya zama jagoranta, Malam Abubakar ya tsaya a jam'iyyar NPC har ya zama Firayim Minista a 1957. An yi hamayya mai zafi, magoya baya sun ji jiki. Amma mai hankali in zai ba da labarinsu cewa yake sun saɓa a ra'ayi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Wata ɗaliba daga Kashere: "Baba, mene ne bambancin ƙawa da aminiya? Mu biyu muke neman ma'ajin ƙungiya."

'Yata, ƙawaye kina iya tara ashirin a ɗakin kwana ɗaya, ku yi anko, ku ci kwano ɗaya. Aminiya kuwa tushenta ɗaya da amana da aminci, ita ce wadda kika amince wa, ta san abin da ko yayarki ba ta sani ba. Shi ya sa ba ta yawa. Yanzu ina ganin yaro ya sa hoton wanda suka haɗu shekaranjiya a Facebook ya rubuta "aminina", sai in kau da kai. Takara da ƙawa sauƙi gare ta. Da aminiya ce ake taka-tsantsan, domin kowaccenku tana riƙe da makamin da bai halatta ta zare ba.

Na lura a wani wuri cikin wasiƙarki kin rubuta "aminiyan nan tawa". A baki ban hana ki ba, mu mutanen gabas mun saba da wannan "n" ɗin ta ƙarshe, ba mu cika damuwa da rarrabe jinsi ba. A takarda dai ki rubuta aminiyar.

Daga Azare, wani malamin sakandare: "Ɗalibina ya sha kaye a zaɓen shugaban ɗalibai. Ya taya wanda ya ci murna, amma ya daina magana da abokinsu na uku da ya yi wa wancan kamfen. Akwai karin magana a kan haka?"

Akwai, Malam, kai ma ka san ta: zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Maharbi sana'arsa ya yi, zomo ya san da zamansa. Wanda ya saɓo gawar a kafaɗa yana yawo da ita gari yana gani, shi ne ya ƙara wa mutuwar wulaƙanci. Yaron naka ya yafe wa wanda ya fuskance shi a fili, ya riƙe wanda ya bi aji-aji yana tallar faɗuwarsa. Ban ce ya yi daidai ba, amma ba shi ya fara ba. Wasu kuma suna cewa "marataya", wai jam'i. Ni dai da tilo na tashi na ji.

Daga Kumo: "Mene ne angulu da kan zabo?"

Wanda da rana yake liƙa hotonka, da dare yake tara wa abokin karawarka mutane. Kan na zabo ne, gangar jikin ta angulu. Zagon ƙasa aikinsa ne, wannan kuwa kamanninsa.

Daga Tudun Wada, Gombe: "Ƙuri'a Hausa ce?"

Ararriya ce daga Larabci, kuma asalinta ba zaɓe ba ne. Jefawa ake yi a ga wanda rabo zai faɗa wa, kamar yadda ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Daga nan muka gaji "jefa ƙuri'a" da "kaɗa ƙuri'a". Masu cewa "na yi botin" kuma, Allah ya shirye su.

Daga Misau: "Cin zaɓe ko lashe zaɓe?"

Duka biyun sun zauna. Amma lashewa sai an share kwano, don haka wanda ya tsira da ƙuri'a uku ci ya yi.