An Shafa wa Shagunanmu Jan Fenti, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ma'aikata sun zo sun yi awo, sun shafa jan fenti a bangon shagunan layinmu, wai za a faɗaɗa titi. Za a biya mu diyya? Kuma unguwarmu a kwari take, ina ruwan damina zai bi?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da tantance mai titin. Idan na Gwamnatin Tarayya ne, kamar hanyar Kaduna zuwa Kano, huruminsa mita 45.72 ne kowane gefe daga tsakiyar hanya, kuma wanda ya yi gini a ciki da wuya ya samu ko kwabo. Idan na jiha ne, ku nufi KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, da takardun filinku.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Diyyar tana kan gini da itatuwa da amfanin gona, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Ranar ƙiyasi kowa ya tsaya a kan kayansa, ya ɗauki hoto, ya ga an rubuta tsawo da faɗi, yawan ɗakuna, da irin ginin, na bulo ne ko na ƙasa. Kada a sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba.

Maganar ruwa ta fi damunmu, domin diyya sau ɗaya ce, ambaliya kuwa duk watan Agusta za ta dawo. Sabon titi ana yi masa ciko ya ɗaga sama da dokin ƙofar gidaje, kwalta kuma ba ta shan ruwa. In lambatun ya ƙare a bakin unguwa bai kai rafin Kubanni ko wata babbar magudana ba, zaurukanku ruwan zai shiga. Ku nemi injiniya ya nuna muku a zane inda kowane lambatu zai zubar. Kwalbatin da bakinta bai kai milimita 900 ba, leda da yashi kan toshe ta, yashe ta kuma sai an sha wuya.

Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta shafi manyan tituna, kuma ana baje rahoton kwanakin aiki 21 domin jama'a su yi ƙorafi. Ku rubuta naku ta hannun mai unguwa da hakimi, ku haɗa da wurin tsallakawar 'yan makaranta da masu zuwa masallaci, ku ajiye kwafi mai hatimi. Ku yi haka tun kafin katafila ta iso, don in an zuba kankare ba a cika sauya zane ba.