Tayoyin BTR-80 sun ƙi zama daidai

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa 'yar ƙaramar motar filastik ta kamfanin Trumpeter mai kwaikwayon BTR-80, motar sulke ta ɗaukar sojoji, sikelin 1/35 (wato kashi ɗaya cikin 35 na tsawon ta gaske), amma tayoyi biyu cikin takwas sun ƙi taɓa ƙasa. Hannayen da ke riƙe da tayoyin ne gam ya kama a karkace. Ɗiga musu gam mai ruwa-ruwa na kamfanin Tamiya kaɗan su yi laushi, ka ɗora motar kan gilashi shimfiɗaɗɗe, ka aza mata ɗan nauyi ta kwana a haka.

Don Allah kada ka sa tayoyin roba kan wilin da ba fenti, robar takan ci filastik sannu a hankali. Ƙura kuwa, kankare alli mai launin ƙasa, ka cusa shi cikin zanen taya da busasshen burushi.